Wata Shidan da Na Ɓoye a Zauren Malam Isiyaku

Kun taso kun tarar ana ce mini Malam Haruna wanda ya je Turai, kuma ban taɓa hana kowa faɗa ba, don daɗi nake ji. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da wasanni a sakandare a nan Gwarzo, babu wanda ya san da zamana sai yaran da nake kora fili da usur, amma mako ukun da na yi a ƙasar sanyi su suka ba ni sunan da nake amsawa har yau. Yanzu ido ya fara gardama, mutanen da nake jin kunyarsu kuma sun kusa ƙarewa. Zan gaya muku yadda aka yi na hau jirgin nan, domin kujerar ba tawa ba ce, kuma na fi son ku ji daga bakina.

Sai na fara da Baba Garba na Kabo, wanda manyanku suka sani. Ɗan yayan Inna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna wasan ƙasa “bawana” yake ce mini, kuma bai daina ba ko da na fara sa taye ina shiga aji. Tela ne, kekensa ɗaya a bakin kasuwa, aji huɗu ya yi a firamare ya gudu. Ni kuwa na yi kwalejin horon malamai, na karanta ilimin motsa jiki, na san sunan kowace tsoka da Turanci. Amma Garba yana da wata ɗabi'a: da an yi la'asar sai ya rufe shago, ya tara yaran gari da na ƙauyuka a wani fili bayan tasha, da ƙwallon da shi ya ɗinke ta da zare. Ba usur, ba littafi, sai tsawa da zolaya. Kuma duk ranar da yaransa suka haɗu da nawa, sai sun ci mu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta san komai a ƙwallo ba, amma ta san inda ke yi mini ciwo. Ina shigowa gida da takalmi a hannu za ta ɗago daga kan tabarma ta ce ta ji yaran Garba sun sake yi wa nawa wanka, Allah sarki, shi da ko karatu bai yi ba. Sai in yi dariya in wuce ɗaki. Ban taɓa ƙyashin gonar wani ko motar wani ba, wannan Allah shaida ne. Idon Garba na yi wa hassada. Yaro zai wuce a guje yana bin akuya, Garba ya ɗago daga keke ya ce wannan ɗan baya ne, kuma bayan shekara biyu ka tarar da shi ɗan bayan da ba a wuce shi. Ni abin da na biya wahalar shekaru na koya, shi an ba shi kyauta, kuma bai ma san an ba shi ba. Wannan rashin sanin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

A shekarar da nake ba ku labari, wani Bature ya zo ta hannun mutanen wasanni na Kano. Dogo ne ƙwarai, har yara suka sa masa Dogon Yaro. Ana haɗa ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai da za ta je wata gasa ta ƙasa da ƙasa a can wajensu, kuma yankinmu na yamma an ba shi gurbi ɗaya tak. Sharaɗin shi ne duk yaron da aka ɗauka, mai horar da shi zai raka shi. Aka sa gwaji na kwana uku a filin makarantarmu, Garba ma ya zo da yaransa. Tunda ni ne mai Turanci, ni na zama tafinta, ni ne kuma mai cike takardu. Na sa aka yi wa filin farar ƙasa, na sa aka wanke rigunan yarana, a raina na riga na gama shirya jaka.

Baturen ya gaya mana cewa ƙwallon ƙafa ba ita ce ainihin sana'arsa ba. A ƙasarsu babban wasa shi ne ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, yara su sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa su riƙa sulɓi da sanduna a hannu, kuma aikinsa shi ne bin gasannin matasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana duba wanda zai zama wani abu. Ya ce yaro yaro ne, a kan ƙanƙara ko a kan turɓaya. Ba ya kallon wanda ke riƙe da ƙwallo, kowa ya iya wannan kallon. Yana kallon yaro a daidai lokacin da aka ƙwace masa ita, ya ga ko zai tsaya yana riƙe ƙugu ko zai juyo. Yana kallon ko yaro yakan waiwaya kafin ƙwallo ta iso shi. Yana kallon fuskarsa in an cire shi daga wasa. Ni ina ta rubutawa a littafi kamar ɗalibi. Da na fassara wa Garba, sai ya yi dariya yana ɓare gyaɗa.

“Bawana, ka gaya masa ai ni ma haka nake yi, sai dai ni ba ni da biro.”

Ban fassara wannan ba. Amma da yammacin ranar farko Baturen ya ce kowannenmu ya ba shi sunan yara biyar. Ya haɗa da nasa. Na Garba huɗu sun zo daidai, nawa biyu. Daga nan ya ja kujerarsa kusa da Garba, ni kuma na koma mai tsayuwa a tsakaninsu ina kai magana ina dawo da ita, a filin makarantata, a gaban yarana.

Sunan da ke saman takardunsu su biyun shi ne Nafi'u, wani siririn yaro daga Gude da yake zuwa Kabo a kan keken babansa. Ni ban sa shi a biyar ɗina ba, kuma ba da gangan ba, wallahi ban gan shi ba ne. Ba ya yanka, ba ya gudun burgewa, bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Sai a rana ta biyu, da na bi inda idon Garba yake, na gane. Kafin ƙwallo ta zo masa ya riga ya waiwaya sau biyu, ya san inda kowa yake, taɓawa ɗaya ya sake ta, kuma kullum inda ya aika ta nan ne ya kamata. In an ƙwace masa, kafin mai ƙwacewar ya ɗaga kai ya tarar da shi a gabansa. Na yi shekaru ina neman irin wannan yaron, ga shi a gabana, kuma na tela ne. A rana ta uku Baturen ya ce Nafi'u ne na farko. Na biyu wani ɗalibina ne, Auwalu, yaro mai ƙarfi da biyayya, amma tsakaninsa da Nafi'u akwai tafiya.

Saura maganar shekaru. Nafi'u ba shi da takardar haihuwa, kamar yawancin yaran ƙauye a lokacin. Baturen ya ce an sha yaudararsa a wasu wurare, a kawo masa mai gemu a ce yaro ne, saboda haka yana son ya ji daga bakin uban. Washegari bayan azahar muka tafi Gude mu uku, ni da Garba da Baturen. Uban, Malam Isiyaku, malami ne mai karantarwa a zaurensa, mutum mai sanyin murya. Ya karɓe mu da gaisuwa doguwa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi Inna, Nafi'u ya kawo fura ya koma gefe ya zauna. Da na faɗi abin da ya kawo mu, Malam ya tashi ya ɗauko wani tsohon littafi a cikin gafaka. A bangon ciki ya rubuta haihuwar 'ya'yansa duka, kowa da layinsa, kamar yadda malamanmu suke yi. Ya bi da yatsa har ya tsaya.

“Ga shi nan. Watan Mauludi, ran Talata, da hannuna na rubuta kafin in yi masa huɗuba. Mauludin nan da ya wuce, wata biyu ke nan, ya cika goma sha bakwai.”

Ku saurara da kyau a nan. Malam da shekarar Musulunci yake lissafi, wadda ake bi da ganin wata, ita kuwa ta gaza shekarar Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Kowa ya san azumi yana zagayawa daga zafi zuwa sanyi, amma ba kowa ne ke kawo wannan cikin shekarun mutum ba. Kwana goma sha ɗaya sau goma sha bakwai, wata shida ke nan. A lissafin da gasar take bi, Nafi'u yana da shekara goma sha shida da wata takwas, kuma har a gama wasan a dawo ba zai cika sha bakwai ba. Lissafin nan ya zo mini tun Malam bai rufe littafin ba. Na duba Garba, na ga fuskarsa ta faɗi, bai gane ba. Na duba Baturen, yana jirana. Sai na ce masa uban ya ce sha bakwai da wata biyu. Ya tambaya ko a rubuce yake, na ce a rubuce yake. Ban faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

Garba ya matso gaban Malam yana roƙo. Ya ce a je kotu a yi wa yaron takardar rantsuwa a sa sha shida, ai kowa haka yake yi, wata biyu ne kawai. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi ko yana so ya rantse a kan abin da ya san ba haka yake ba, saboda ƙwallo. Daga nan ya juyo gare ni.

“Malam Haruna, kai ne mai boko a cikinmu. Me ka gani?”

“Abin da ka rubuta shi ne daidai, Allah ya gafarta Malam. Ni ba zan ce a taɓa shi ba.”

Ya sa mini albarka. Ya ce da a ce duk 'yan boko haka suke da ƙasa ta gyaru. Baturen ya tambaye ni me Garba yake ta faɗa da zafi haka. Ina iya cewa roƙo yake yi, in tsaya nan. Sai na fassara masa dalla-dalla, har da maganar kotu, har da kowa haka yake yi. Na ga yadda ya kalli Garba, ya mayar da biro aljihu. Abin da na ji a ƙirjina a lokacin nan daɗi ne, ba zan ɓoye muku ba. Nafi'u ya tashi ya tattara ƙoƙunan fura ya shiga cikin gida.

Haka gurbin ya koma kan Auwalu, kujerar rakiya ta zama tawa. Labari ya riga ni isa Gwarzo. Inna ta yi ta jajantawa, tana cewa Garba ba shi da sa'a, amma tunda abin bai bar gida ba alhamdulillahi, bawa zai je a madadin ubangijinsa. Mahaifiyarku kuwa sai da safe ta tare ni, tana dama koko, ina ɗaure takalmi. Ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

“Malam, lokacin da za a kai ƙaninka Kabiru sakandare, ba kai ne ka zauna da biro ka ce shekarun da Baba ya rubuta masa sun ɗara na gwamnati ba? Har ka rage masa watanni.”

Na ce ta kula da tukunyarta. Ta ce tukunyarta lafiyarta ƙalau. Ta ce Baturen yana Kano har jibi, kuma ta ga lambarsa a rubuce a bayan littafina. Na ce ba ta san komai a kan dokar gasa ba. Ta ce haka ne, ba ta sani ba, amma ta san ni. Ta zuba mini kokon ta ajiye a gabana, na fita ban sha ba. Kwana biyun nan wayata tana aljihuna. Sau uku ina fito da ita. Duk lokacin da na fara danna lambar sai in hango Garba yana saukowa daga jirgi, Kabo ta fito tarbarsa, Inna tana guɗa, yana ce mini bawana zo ka ɗauki jaka. Sai in mayar da ita. Mahaifiyarku ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, amma ba ta taɓa ce mini wanda ya je Turai ba, ko da wasa.

Ana saura mako guda mu tashi, Garba ya zo gida da ƙunshi a bayan babur. Wata riga ce mai kauri ya ɗinka mini, ya cusa auduga tsakanin yadi biyu ya bi ta da layi-layi kamar katifa. Ya ce ya ji Dogon Yaro yana cewa sanyin can yana kashe mutum, shi kuwa ba zai yarda a kashe masa bawa ba, bai gama morarsa ba. Ya sa na gwada, ya ja kafaɗa, ya ce in dubo masa yadda yaran can suke tsayuwa in sun rasa ƙwallo, in zo in ba shi labari. Na so ya zage ni. Da ya nuna ɓacin rai ko kaɗan da na samu abin riƙewa. Har a wajen rashin ma ya fi ni, kuma na ji haushin wannan ɗin ma.

Mun je. Auwalu ya yi iya ƙoƙarinsa, an sa shi a wasa biyu, a na biyun aka cire shi kafin hutun rabin lokaci. Yaran tsakiyar da aka zo da su daga wasu jihohi suna riƙe ƙwallo har a ƙwace, ni kuma ina zaune a benci ina ganin guraben da Nafi'u zai aika ta. Wata rana Baturen ya kai ni kallon gasar matasa ta ƙwallon gorarsu, a wani ƙaton ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Ga irinsa nan birjik a sama, kowa da littafi, ba mai tafi, ba mai ihu. Ban gane dokar wasan ba, ƙwallon ma 'yar faifai ce baƙa da ido ba ya iya bi. Amma can sai ya taɓa ni ya nuna wani yaro ƙarami a cikinsu da yake ta waiwaye yana sulɓi. Ya ce wannan yana tuna masa da yaron ƙauyen nan, abin takaici, wata biyu kacal. Na ce masa ƙwarai abin takaici ne. Ina sanye da rigar Garba na faɗi haka.

Baturen ya sake zuwa Kano bayan shekara biyu, ya aiko a kira ni, bai nemi Garba ba. Garba bai taɓa sanin dalili ba. Ya ci gaba da tara yaransa har ciwon suga ya zaunar da shi. Na je dubiya sau da yawa da niyyar in faɗa, sai ya fara zolayata, mu yi dariya, in taso. Ranar da aka binne shi na tsaya a bakin kabari ina neman yafiyar wanda ba zai amsa ba.

Bara Malam Isiyaku ya rasu. Na je Gude gaisuwa ran sadakar uku. Nafi'u ya zama magidanci, yana noman rani yana gyaran injin ban-ruwa, har furfura ta fara fito masa a gemu. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin hanya. A nan, a tsaye, na gaya masa duk abin da na gaya muku, ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce ya daɗe da sani. Lokacin da ya je yin katin ɗan ƙasa ya kwafi layinsa daga littafin Malam, mai cike takardar ya juya kwanan watan a waya, sai ga shekarun sun ragu. Ya ce a kan hanyar dawowa ya tuna wanda aka tambaya a zaure, mai boko. Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce Malam ya rayu yana ganin ya zaɓi gaskiya a kan duniya, yana ba ɗalibai labarin, har yana sa sunana a addu'a. Ba zai je ya ce masa bakinsa ne ya tare ɗansa a banza ba.

Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce ya yafe tuntuni, haka aka koya musu a gidan. Sannan ya kalli hanya, ya ce yana da tambaya ɗaya, tunda ni na je na gan su da idona.

“Malam, da na je, da zan iya?”

Na so in ce masa ƙwarai kuwa, ba abin da ya fi wannan sauƙi. Amma na ga yara da yawa da suka haska a nan suka je can suka dushe, na kuma ga waɗanda ba a zata ba suka tsaya. Yaro sai an sa shi a fili ake sani. Na riga na cuce shi sau ɗaya da magana mai kama da gaskiya, ban so in ƙara da mai daɗi ba. Na ce masa ban sani ba.

“To ka gani, ni ma ban sani ba. Auwalu ya je ya ga iyakarsa, ya dawo hankalinsa kwance. Ni kuwa har yau in na ga yara suna wasa sai in kashe inji in tsaya ina tambayar kaina. Tafiyar na yafe maka, Malam. Wannan ɗin ne ba ka da inda za ka samo mini.”

Ya tsayar mini da ɗan acaba, ya riƙe mini sanda har na hau, ya koma wajen masu gaisuwa.